Sakamako, Sake Jarrabawa da Yaye Ɗalibai a Digiri na Biyu na Birtaniya: Nazari

Digiri na biyu da ake koyarwa a aji a yawancin jami'o'in Birtaniya shekara guda ne cur, daga Satumba zuwa Satumba. An gina shi a kan kiredit 180: galibi 120 na kwasa-kwasan da ake ɗauka a zango biyu, 60 kuma na kundin binciken da ake rubutawa a watannin ƙarshe. Kowane kiredit ana ƙiyasta shi da awa 10 na karatu, wato awa 1,800 ke nan a cikin wata 12. Wannan matsi ne ya sa duk ɗan tuntuɓen da ɗalibi ya yi yake da tsada. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin kowace shekara 'ya'yanmu na tafiya can, wasu da tallafin PTDF ko Chevening, wasu da kuɗin filin da iyaye suka sayar. Abin da nazarin nan yake son nunawa shi ne, makomar wanda ya faɗi kwas ta fi rataya ga lokaci da sanin ƙa'ida fiye da kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Makin da ɗalibi yake fara gani a shafinsa na intanet, makonni kaɗan bayan ya miƙa aiki, na wucin gadi ne. Kafin ya fito, malami ya duba takardar, sau da yawa ba tare da ya san mai ita ba, lamba kawai yake gani a samanta. Wani malamin kuma ya sake duba ta ko ya duba wani kaso na takardun ajin. Daga nan sai a aika wa malamin wata jami'a samfuri, ya auna ko ma'aunin ya yi daidai da na sauran jami'o'i. Wannan al'ada ta ɗauko mai jarrabawa daga waje ana danganta farkonta da Jami'ar Durham da aka kafa a 1832, kuma ita ce muka gada ta hanyar Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan. Sai kwamitin masu jarrabawa ya zauna ya amince, sannan maki ya tabbata. Kafin nan yana iya hawa, yana iya sauka.

A mafi yawan jami'o'in, 50 ne makin ci, 60 darajar yabo, 70 darajar fice, ko da yake wasu na da nasu mizanin. Oxford, alal misali, sai an kai 65 take ba da darajar yabo. Wanda ya gaza da kaɗan, kamar ya sami 47, wasu jami'o'in kan yafe masa kwas ɗin idan sauran makinsa sun yi kyau, amma akwai iyakar kiredit ɗin da za a yafe, kuma akan cire kundin bincike da kwasa-kwasan dole daga wannan sassauci. Wanda bai dace da yafiya ba sai ya sake zama, kuma yawanci dama ɗaya ce tak.

Sake zaman na zuwa da sharaɗi mai nauyi: komai ƙoƙarin ɗalibi, ba za a rubuta masa fiye da makin ci ba. A ɗauki misalin ɗalibar da take da kwas huɗu, kowanne kiredit 30. Ta sami 68 da 72 da 70, ta faɗi na huɗu da 45. Ta sake zama ta sami 75, aka rubuta mata 50. Kundinta ya sami 70. Idan aka auna gaba ɗaya bisa nauyin kiredit, za ta tashi da kusan 67, darajar yabo ke nan. Da an bar mata 75 ɗinta, da ta haura 70. A wasu jami'o'in ma, sake zama kansa yana iya hana mutum darajar fice ko da lissafinsa ya kai. A ganina wannan ƙayyadewa tana da hujja. Wanda ya ci tun farko bai sami ƙarin watanni da bayanin malami a kan kurakuransa ba, don haka ba adalci ba ne a bar wanda ya samu ya wuce shi. Illarta ita ce ba ta bambance malalaci da wanda masifa ta afka wa, sai in shi ya buɗe baki.

Ƙofar da aka bari ita ce ta gabatar da uzuri. Rashin lafiya, rasuwar makusanci, haihuwa, haɗari: duk wanda ya cike fom ya haɗa da shaida, kamar takardar likita, aka kuma amince, ana iya ba shi damar zama jarrabawar a matsayin karon farko, ba tare da an ƙayyade makinsa ba. Sai dai wa'adin gajere ne, sau da yawa kwanaki kaɗan kafin ko bayan ranar jarrabawar, kuma jami'o'i da dama suna ɗaukar duk wanda ya shiga ɗakin jarrabawa a matsayin wanda ya shaida cewa lafiyarsa lau. A nan tarbiyyarmu take iya cutar da mu. Mun taso da kawaici, da ganin cewa kai kuka ga baƙo rauni ne. Ɗalibi zai sami labarin rasuwar mahaifiyarsa ta waya, ya yi haƙuri, ya shiga jarrabawa da safe zuciyarsa na gida, ya fito bai gaya wa kowa ba. Ko da ya yi niyya, a garuruwanmu da yawa akan yi jana'iza a ranar ba tare da an karɓi takardar shaidar mutuwa ba, ita kuwa jami'a takarda take nema. Ranar da sakamako ya fito ya je da bayani, abin da za a fara tambayarsa shi ne me ya hana shi faɗa a kan lokaci. Tun ran gini ran zane.

Ɗaukaka ƙara ba ta cika gyara wannan ba, saboda ba a karɓar ƙorafi a kan hukuncin malami na ilimi. Ba a sauraren wanda ya ce aikinsa ya fi ƙarfin 45. Abin da ake dubawa shi ne kuskure a bin ƙa'ida, ko son zuciya, ko uzurin da aka kasa gabatarwa saboda dalili mai ƙarfi. Idan an gama da matakan cikin gida, a Ingila da Wales ɗalibi na da wata 12 ya kai ƙara ofishin sasanci mai zaman kansa na OIA, wanda Dokar Ilimi Mai Zurfi ta 2004 ta ba wa hurumi. Shi ma ba ya sake duba takarda ya ba da maki.

Inda tsarin ya fi gazawa, a nawa nazarin, shi ne rashin jituwar kalandar jami'a da ta biza. Akan yi sake jarrabawa wajen watan Agusta, daidai lokacin da ɗalibi yake fama da kundinsa. A miƙa kundi a Satumba, kwamiti ya zauna a Oktoba ko Nuwamba. Bizar karatu ta kwas mai wata 12 ko fiye tana ƙara wa mutum wata huɗu bayan ƙarewar kwas, wato zuwa Janairu. Ga wanda ya ci komai, wannan ya wadatar. Wanda aka ce ya gyara kundinsa ya sake miƙawa kuwa, zaman kwamiti na gaba yana iya faɗowa bayan bizarsa ta ƙare, kuma galibi jami'a ba ta tsaya masa a tsawaita ta idan gyaran ba ya buƙatar halartar aji. Ita kuma bizar aiki ta bayan kammala karatu, wadda aka buɗe ranar 1 ga Yuli 2021 da wa'adin shekara biyu, ana neman ta ne daga cikin ƙasar, da bizar karatu mai rai, bayan jami'a ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa ɗalibi ya kammala. Ɗan ƙasa da baƙo za su faɗi kwas ɗaya da maki ɗaya; na farko ya yi asarar 'yan watanni, na biyu ya yi asarar damar da wataƙila dominta aka biya kuɗin. Gyaran ba shi da wuya: jami'ar da ta karɓi kuɗin makarantar baƙo, wanda ya zarce na ɗan ƙasa sosai, tana iya shirya zaman kwamiti na musamman kafin Janairu. An ga girman matsalar jinkirin sakamako a 2023, lokacin da ƙungiyar malamai ta UCU ta ƙaurace wa duba takardu a jami'o'i 145 daga Afrilu zuwa Satumba, ɗalibai da dama suka kai ranar biki ba su san sakamakonsu ba.

Wanda ya sake faɗuwa ba lallai ya fita hannu rabbana ba. Idan ya tara kiredit 120 ana ba shi difloma ta gaba da digiri, idan 60 ne satifiket. Shaidu ne na gaske, amma ba digiri na biyu ba ne, ba sa buɗe ƙofar waccan bizar aiki, kuma hukumar da ta ɗauki nauyinsa tana iya cewa bai cika sharaɗin yarjejeniya ba.

Bikin yaye ɗalibai shi ne ya fi sauƙi a cikin al'amarin. Masu digiri na biyu kan yi nasu a Disamba ko Janairu, wasu su jira na Yuli. A yi hayar riga da hula, a nemi tikitin baƙi, a kira suna mutum ya hau dandamali. Wanda ya riga ya koma Kano ko Yamai ana ba shi digirinsa ba tare da ya halarta ba, a aika masa da takardar shaida, domin amincewar jami'a ce ke tabbatar da digiri, bikin shagali ne. Abin da yake iya tsayar da komai a wannan gaɓar shi ne bashin kuɗin makaranta: jami'a kan riƙe shaida har sai an biya, kuma ɗaliban Nijeriya da yawa sun ɗanɗana wannan bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da 2024, lokacin da kuɗin da aka tara a gida ya kasa biyan fam ɗin da ake bin su.