Tsohon da ya riƙe wa yaro tsani

A wurinmu, in ka ce balo, yara ƙwallo za su kawo maka. Shi ya sa na tsaya kan balan-balan, ko da yake abin da Joseph Kittinger ya hau ya fi gidan bene tsawo, cike da iskar heliyom, da ɗan kwando rataye a ƙasa.

Sojan sama ne na Amurka. Tambayar da aka ba shi a ƙarshen shekarun 1950 mai sauƙin faɗi ce: in matuƙin jirgi ya fice daga jirginsa can sama, inda iska ta yi ƙaranci, yaya zai sauko da ransa? Jikin mutum a wurin juyawa yake kamar dutsen niƙa har ya suma. Sai aka ƙera ƙaramar laima da za ta daidaita shi kafin babbar ta buɗe, aka ce Kittinger ya gwada. Gwajin farko, a Nuwamba 1959, igiyar ta naɗe masa wuya, ya suma, laimar gaggawa ce ta buɗe da kanta ta cece shi. Wani da ya ce ya gode, ya isa haka nan. Shi kam ya koma.

Ranar 16 ga Agusta 1960, a jihar New Mexico, ya kai mita 31,300. Tun yana hawa safar hannunsa ta dama ta lalace, hannun ya kumbura ya ninka girmansa. Bai gaya wa likitocin da ke ƙasa ba sai can daga baya, don ya san za su ce ya sauko. Jarumta ce ko taurin kai, ni dai na fi ganin na biyun. Ya faɗo minti 4 da daƙiƙa 36 kafin babbar laima ta buɗe. Gagarin bai tafi ba sai Afrilu 1961.

Daga nan yaƙin Biyetnam, inda aka harbo jirginsa a 1972 ya yi wata 11 a tsare. Wannan babin ba ya burge ni. A 1984 shi ne na farko da ya ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai cikin balan-balan, daga Maine zuwa Italiya.

Lambar yabo ta aikin rayuwa, wadda gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian ke bayarwa, sai 2008 ta iso shi, yana dab da shekara 80. To, amma ba ita ce ta sa ni rubutun nan ba. A Oktoba 2012 Felix Baumgartner, ɗan Ostiriya, ya hau kimanin kilomita 39 don ya karya bajintar da ta yi shekara 52 tana tsaye. Muryar da ke kunnensa daga ƙasa, tana karanto masa abin yi ɗaya bayan ɗaya, cire wannan, buɗe ƙofa, matso bakin tsani, ta Kittinger ce, yana da shekara 84. Ya rasu a Disamba 2022.