Masuntan Adar: sana'ar da ba mu gada ba, ga shi muna gadar da ita



In aka ambaci Adar, ba wanda kifi zai faɗo wa a rai. Albasa aka san mu da ita, da hatsi, da duwatsu, da tafiya cin rani. Amma duk wanda ya bi ta bakin baraji a wajen Keita ko Buza ko Madawa bayan damina, zai ga dattijo tsaye cikin ruwa har ƙugu, ga yaro a bayansa riƙe da gora yana kallon hannunsa. Da ɗai-ɗai ne cikin dattawan nan za su ce maka wurin ubansu suka koya. Wannan shi ne abin da muke son mu duba yau.

A da can, muna da zuri'ar maƙera, da mahauta, da majema, da wanzamai, kowa da gidansa da sarkinsa. Su kuwa masunta na gado, Sarkawa, mutanen gulbi ne: Kabi, Argungu inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, Yawuri, Gaya. Mu ruwanmu na wucewa ne. Majiya takan cika dare ɗaya, ta kwashi ƙasa ta nufi Konni, ta faɗa tafkin Kalmalo a Najeriya, bayan kwana kaɗan sai rairayi. Kifin da ke iya zama da irin wannan ƙasa sai mai taurin rai, tarwaɗa da gaiwa. Gaiwa ma dai abin mamaki ce: in tabki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta tana shaƙar iska ta ɗan rami har ruwan baɗi. Manomi na iya tono ta da hauya a busasshiyar fadama. To irin kamun kifin da kakanninmu suka sani ke nan, da kuma su na gayya in ruwa ya ja baya, kowa da kwandonsa. Sauran kifi busasshe ne ake kawowa daga kudu. Keita kam ta taɓa samun babban tabkinta, tsofaffi suna ba da labarinsa har yau, amma ya ƙafe a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da fari ya kama ƙasar.

Ruwan da muke kamun kifi a cikinsa yanzu, mafi yawansa hannu ne ya tare shi. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka gina barajin Ibohamane, aka yi wasu ƙanana a kwarin Majiya, daga baya aka kafa ONAHA a 1978 don kula da noman ban-ruwa. Ba don kifi aka yi ko ɗaya ba, don gona aka yi. A 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya wajen Buza don tare iska. Sai kuma babban aikin, furojen Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, FAO na gudanarwa, PAM na ba da abinci a matsayin ladan aiki. Daga 1991 aka faɗaɗa shi zuwa Buza da Abalak. Lissafin da aka bayar na aikin ya nuna an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000, an dasa itace miliyan 18, an gina ƙananan baraji wajen 40. Kuma kowa ya san su wa suka yi aikin: maza sun tafi bida, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka cikin rana. Yaron da ke jefa fatsa yau a can, wataƙila kakarsa ce ta ɗauko dutsen da ya tare masa ruwan.

Da ruwa ya fara kwana har rani, sai ma'aikatan gandun daji, ƴan ozefore, suka riƙa kawo ƴaƴan kifi cikin durom suna zubawa: karfasa, tarwaɗa, wani wuri har giwan ruwa. Tabkin Tabalak da ke kan hanyar Tawa zuwa Agadas shi ne ya fara nuna wa mutane cewa ashe akwai kuɗi a ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa can da mota ya san ƙamshin soyayyen kifinsa, kuma a 2005 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar. To, kifi ya samu, masu kamawa fa? Baƙi ne suka zo, daga Najeriya, daga bakin gulbi, har daga Mali, da jiragensu da komarsu. Samarinmu suka fara da ɗaukar kaya, da jan igiya, da fere ƙaya, suna satar sana'a da ido. Shi ya sa duk sunayen kayan aikin da muke faɗi, birgi, kalli, mamari, gura, daga bakin waɗannan baƙin suka shigo mana. Manomi ne da girmansa ya koyi su, ba ɗan sarkin ruwa ba.

Yanzu waɗannan samarin su ne kawunnai da baffanni, su ke koyarwa. Kuma koyarwar tana da tsarinta. Da fatsa ake farawa: ƴar sanda, zare, ƙugiya, da totuwar kara a ɗaure ta zama alama a kan ruwa. Sai abin tarko, tana ko fara ko ƙullin dusa, ko garar nan mai fuffuke da ke fitowa bayan ruwan farko. Kawu zai ce, "Kai yaro, zauna, kar inuwarka ta faɗa ruwa." Ai Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Sai ya nuna masa bambancin taɓawa: karfasa tsakura take yi, totuwa ta yi ta rawa, tarwaɗa kuwa in ta ɗauka sai ta nutsar da ita gaba ɗaya. Karfasa da hantsi a gefen ciyawa, tarwaɗa da magariba a ƙasan laka. In an kamo tarwaɗa, ga yadda ake riƙe ta kar ƙayar gefenta ta soke ka.

Turawa suna da wani salo da ya ɗan yi kama da namu. A Ingila da Faransa da Amurka sukan naɗe ƙugiya da gashin tsuntsu da zare har ta yi siffar ƙwaro, su wurga ta bisa ruwa da doguwar igiya, kifi ya taso ya cafke. Tsohon abu ne, wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian ya bayyana shi wajen shekara ta 200. Su nishaɗi ne, da yawansu ma sai su mayar da kifin ruwa, abin da in ka yi a Ibohamane za a ce a kai ka wurin malam. Amma ilimin ɗaya ne: ka san abin da kifi ke ci, da lokacin da yake ci.

Birgi kuwa sai yaro ya yi ƙwari. A tudu ake fara koyon wurga shi, sau ɗari yana faɗuwa a dunƙule kafin ranar da zai buɗe kamar faifai. Inda muke ganin giɓi shi ne iyo. Ɗan Sarkawa kusan tare da tafiya yake koyonsa. Namu kawun shi kansa da girma ya shiga ruwa, wani ma har yau gora ce dogaronsa. Ruwan baraji kuma mayaudari ne: gefensa laka mai riƙe ƙafa, tsakiyarsa zurfi, ƙasansa kututture da ƙaya. Ba sai mun faɗa ba, ƙauyukan bakin ruwa sun san zaman makokin yara da damina. Ga kuma tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke yaɗawa a ruwan kwance. Yaro na fitsarin jini, wasu iyaye na cewa alamar balaga ce. Wallahi ba balaga ba ce, cuta ce, kuma maganinta na nan a likita, ana ma raba shi a lakwal.

Akwai darasin da ya fi duka wuyar koyarwa, na mayar da ƙaramin kifi. A gulbi, sarkin ruwa ne ke buɗe ruwa ya rufe, kuma ana tsoron maganarsa. Mu da ba mu gaji wannan sarauta ba, kwamiti muke da shi da takardar izini, ga dokar kamun kifi da ta hana guba da abin fashewa. Amma kowa ya ga gidan sauron da aka raba don zazzaɓi yana yawo a bakin ruwa, yana kwashe har ƴaƴan da ba su kai yatsa ba. In kawu da kansa ya ja gidan sauro da asuba, me zai ce wa yaro da hantsi? A nan mu dai ba mu ga laifin yaro ba.

Shi ma ruwan yana raguwa. Kowace damina kwari na kawo laka daga tudu, tana cike barajin a hankali. Furoje ya tashi, gyaran shingayen duwatsu ya koma sai wanda ya ga dama. Ga injinan ban-ruwan albasa na ja, ga garke na sha, kuma ba wanda za a ce ya bari, kowa da gaskiyarsa. Inda ruwa ya ƙafe ƙarƙaf kafin bazara, karfasa ta tafi ke nan, sai an sake sayo iri an zuba, gaiwa kaɗai ke saura. Saurayin da ya ga haka sai ya naɗe komarsa ya bi hanyar Abija ko Libiya, ko wurin zinariyar Jado da ta ɓullo a 2014.

Wanda yake da shekara 20 a 1990, lokacin da barajin furoje suka fara cika, yau ya haura 50. Su ne suka san inda tsohon kwari ya bi a ƙarƙashin ruwa, da watan da ya kamata a ɗaga koma a bar kifi ya yi ƙwai. Ya kamata hukumomin garin Keita da Ibohamane da Buza da Madawa su zauna da su kafin zaman kasafin kuɗi na gaba, a ji nawa yashe baraji ɗaya zai ci, nawa kuma zuba iri zai ci.