Asusun magani a ƙasar Kurfai: daga biya zuwa kyauta

A wannan taƙaitaccen nazari muna son mu nuna cewa kiwon lafiyar iyali a ƙasar Kurfai ya daɗe yana dogara da asusun gidajen likita, duk lokacin da kuɗin Yamai suka yi jinkiri.

Bayan faɗuwar farashin uraniyom a shekarun 1980, gwamnati ta kasa wadata gidajen likita na karkara da magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako: majinyaci ya biya kaɗan, kwamitin gari ya riƙe kuɗin, a sake sayen magani da su. Nijar ta gwada tsarin a 1993 a Sayi da Boboye, wadda ke kudu da Filinge cikin Dallol Bosso. Karya darajar sefa a 1994 ta ƙara tsadar magani, dokar 1995 kuma ta game ƙasa da tsarin, har da Filinge.

A 2006 aka mayar da awon ciki, tsarin iyali da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, bisa alkawarin baitulmali zai biya daga baya. Mata suka ƙara zuwa, amma biyan ya riƙa ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru. Kuɗin manyan majinyata ne suka riƙa toshe giɓin. In asusu ya ƙafe, sai a rubuta wa uwa takarda ta sayo magani waje.

Saboda haka muke ganin littattafan kuɗi na kwamitocin Kurfai ne ya kamata masu bincike su fara dubawa.