Baƙin Fili na Bethpage: Gonar Gwamnati da Ta Gagari Gwanaye

Duk wanda ya zo rami na farko a Baƙin Fili na Bethpage, allo ne yake fara tarbarsa. Gargaɗi aka rubuta a jiki, cewa filin yana da matuƙar wuya, kuma ƙwararrun 'yan wasan golf kaɗai ake ba shawarar su shiga. Abin da ya ja hankalina ga tarihin wurin shi ne, wannan allo bai taɓa hana kowa shiga ba. Direban tasi da malamin makaranta da ɗan kwana-kwana duk suna karantawa, su saɓi jakar sanduna su wuce, domin filin na gwamnatin jihar New York ne, kuma kowa yana da haƙƙi a cikinsa.

Filin yana garin Farmingdale a tsibirin Long Island, gabas da birnin New York a Amurka. Asalinsa gandun wani attajirin jiragen ƙasa ne mai suna Benjamin Yoakum, wanda ya rasu a 1929, shekarar da kasuwar hannun jari ta rushe, miliyoyin mutane suka fara rasa abin yi. Robert Moses, shugaban hukumar wuraren shaƙatawa na yankin, shi ya tsaya har gandun ya koma hannun jiha a 1934. Daga nan aka ɗebo marasa aiki a ƙarƙashin shirin Shugaba Roosevelt na samar da ayyuka, suka sare daji, suka haƙa ramukan yashi. An buɗe Baƙin Fili a 1936. Yau filaye biyar ne a wurin, kowanne da sunan launi: baƙi, ja, shuɗi, kore da rawaya.

A. W. Tillinghast ake danganta wa zanen filin, mutumin da ya yi suna wajen tsara wa kulob-kulob na masu hannu da shuni filayensu. Akwai masu cewa Joseph Burbeck, mai kula da gandun, shi ya yi yawancin aikin, kuma har yanzu ana wannan muhawara. Ko ma wane ne, bai sassauta wa talaka ba. Irin filin da ake gina wa attajirai aka gina masa, har da ƙari.

Ga wanda bai san wasan ba, ramuka 18 ake bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani, kuma mai ƙarancin bugu shi ne ya ci. A Baƙin Fili ba a hawa 'yar motar da ke yawo da 'yan wasa a wasu filaye. Da ƙafa za ka taka fiye da kilomita shida na tudu da gangare. Hanyar ƙwallo siririya ce, ciyawar gefenta mai kauri, in ta faɗa ciki sai ka yi da gaske kafin ka fito da ita. A rami na 4 wani ƙaton ramin yashi ya gitta hanya, ɗan koyo kan ƙare bugu uku ko huɗu a cikinsa. Rami na 15 kuwa a kan tudu yake, kuma ana isa gare shi ne lokacin da gwiwa ta riga ta yi sanyi.

Kafin ma a kai ga wannan wahala, sai an sha ta layi. Shekara da shekaru mutane suna kwana cikin motocinsu a wurin ajiye motoci, da asuba a raba musu lamba, saboda ana ware wasu gurabe ga waɗanda suka zo da kansu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mazaunin jihar yana biyan kusan rabin abin da baƙo yake biya.

Filin ya lalace a hankali saboda yawan ƙafa da ƙarancin kuɗin gyara, har sai da David Fay na hukumar golf ta Amurka ya kawo shawarar a kai babbar gasar US Open can. Rees Jones ya gyara shi, aka yi gasar a 2002, karo na farko a filin gwamnati. Cikin manyan 'yan wasan duniya da suka taru, Tiger Woods kaɗai ya gama da ƙasa da bugun da aka ƙayyade. Da yawa cikin 'yan kallon sun san kowane lungu na filin, sun kuma ga yashin da ke cinye musu ƙwallo yana cinye ta gwanaye. Gasar ta dawo a 2009, ta PGA ta biyo baya a 2019, sannan kofin Ryder a 2025, inda Turai ta doke Amurka 15 da 13.

A nan damuwata take. Tikitin kallo na yini ɗaya a kofin Ryder ya kai dala 750, kuɗin da mai kwana a mota zai buga filin sau da yawa da shi. Kowace babbar gasa tana rufe filin ga jama'a na wani lokaci, tana kuma ƙara yawan masu neman gurbi daga nesa. Suna ya kawo gyara, amma suna yana iya korar masu wuri.

A ganina darajar Bethpage tana wurin ɗan koyon da ya karanta allon nan, ya san zai yi bugu fiye da 100, ya shiga duk da haka. Marasa aikin da suka haƙa ramukan a shekarun yunwa, irinsa suka haƙa wa. Muddin layin asuba yana nan, filin yana hannun masu shi.