Kabbala, tasawwufi da ma'anar wahala: Tambayoyin mai farawa daga gabashin Sakkwato

A garuruwan gabashin Sakkwato, tun daga Dinawa da sauran ƙauyukan Wurno har zuwa Rabah da Goronyo, kalmar da aka fi ji bayan kowane hari ita ce haƙuri. Liman na faɗin ta a wurin jana'iza, ɗan siyasa na maimaita ta idan ya zo jaje. An ji ta a watan Yulin 2018, lokacin da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 30 a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gandi. An sake jin ta bayan harin kasuwar Goronyo na ranar 17 ga Oktoban 2021, wanda gwamnatin jiha ta ce ya ci rayuka 43.

Tambayar da ke ƙarƙashin kalmar tsohuwa ce: me ya sa wahala ke faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma me ake so ya yi da ita? Masu ilimin baɗini na addinai da dama sun daɗe suna nazarinta. Biyu daga cikinsu sun cancanci kulawar mai karatu: tasawwufin da aka gina Daular Usmaniyya a kansa, da Kabbala ta Yahudawa, wadda ake yawan ambata a kafafen sada zumunta ba tare da an san abin da ta ƙunsa ba.

Mene ne Kabbala?

Kalmar ta Ibrananci ce, ma'anarta abin da aka karɓa, wato ilimin da almajiri ke karɓa daga bakin malaminsa. Tushenta ɗaya da na kalmar alƙibla ta Larabci. Reshe ne na addinin Yahudawa da ke neman ma'anar ɓoye ta Attaura da yadda halitta ta samu daga Mahalicci. Masu wannan ilimi na kiran zatin Ubangiji da Ein Sof, wato wanda ba shi da iyaka, suna kuma cewa ana saninsa ne ta fuskoki goma da suke kira sefirot, kamar hikima da rahama da hukunci.

Akwai wata kalma da matasan Najeriya suka saba ji tun lokacin jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, wato "cabal", gungun mutanen da ke juya mulki a bayan fage. Daga Kabbala ta samo asali, ta bi ta Latin da Faransanci ta shiga Turanci. Turawan da suka ari kalmar suna yi wa ilimin kallon asiri, shi ya sa ma'anar makirci ta manne mata. Littattafan Kabbala kuwa tafsiri ne da addu'a da tarbiyyar zuciya, kuma an daɗe da buga su da fassara su.

Waɗanne ne manyan littattafanta?

Mafi tsufa cikin waɗanda ake komawa gare su shi ne Sefer Yetzirah, ɗan ƙaramin littafi da ke bayanin halitta ta hanyar haruffan Ibrananci 22 da sefirot goma. Sai Bahir, wanda ya bayyana a kudancin Faransa a ƙarshen ƙarni na 12. Babbansu shi ne Zohar, tafsirin baɗini na Attaura da harshen Aramaik, wanda ya fito a ƙasar Sifaniya a ƙarshen ƙarni na 13. Mabiya na jingina shi ga Shimon bar Yohai na ƙarni na 2, yayin da masana tarihi ke ganin hannun Musa na Leyon, wanda ya mutu a 1305, da abokan karatunsa. An fara buga shi a Italiya a 1558. A al'adance wasu malaman Yahudawa kan hana mutum shiga wannan karatu sai ya kai shekara 40 kuma ya ƙoshi da ilimin shari'arsu.

Me ta ce game da wahala?

A 1492 sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawa daga ƙasar. Zuriyar wasu daga cikin korarrun ta taru a garin Safad da ke tsaunukan Galili, a ƙarƙashin daular Turkawa. A can ne Ishaƙu Luriya, wanda ya rayu daga 1534 zuwa 1572, ya koyar da bayanin da ya fi kowane tasiri. A cewarsa, Mahalicci ya janye haskensa domin halitta ta sami gurbi, sannan ya zuba hasken a cikin wasu mazubai. Mazuban suka kasa ɗauka suka farfashe, tartsatsin hasken ya warwatse cikin duniya. Daga wannan fashewa sharri da gudun hijira suka samo asali. Aikin ɗan Adam shi ne tikkun, wato gyara: kowace ibada da kowane aikin kirki na mayar da wani tartsatsi mazauninsa.

Masanin tarihi Gershom Scholem ya fassara wannan koyarwa a matsayin amsar al'ummar da aka raba da gidanta, ko da yake Moshe Idel da wasu sun yi masa jayayya. Ƙarnoni huɗu bayan haka, a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa a birnin Warso, wani malami mai suna Kalonymus Shapira ya ci gaba da wa'azi daga 1939 zuwa 1942 bayan an kashe ɗansa. An binne rubutunsa kafin a kashe shi a 1943, aka tono shi bayan yaƙi. A wa'azinsa na farko-farko yana danganta bala'in da sakacin al'umma. Da abin ya tsananta, ya daina neman laifin waɗanda ake kashewa.

Akwai dangantaka tsakaninta da tasawwufi?

Aƙidun biyu sun bambanta. Malaman Musulunci ba su yarda da batun janyewar haske ko fashewar mazubai ba, kuma silsilar sufaye na komawa ne ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma al'ummomin biyu sun yi zaman maƙwabtaka a Andalus da Masar. Bahya ibn Paƙuda ya rubuta littafinsa kan wajiban zukata da Larabci a ƙarni na 11, yana cin moriyar rubuce-rubucen masu zuhudu na Musulmi. Ibrahim ɗan Musa bin Maimun, shugaban Yahudawan Masar da ya mutu a 1237, ya yaba wa sufaye a fili.

Wani abin da suka yi tarayya a kai shi ne bai wa haruffa adadi. Yahudawa na kiransa gematriya, almajiran ƙasar Hausa sun san shi da hisabi. Da shi marubuta waƙoƙin ajami ke sa ramzi a ƙarshen waƙa domin nuna shekarar da aka yi ta, da shi kuma ake zana hatimi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a wannan fanni har a ƙasashen Larabawa.

Tarihin na da ɓangare mai ɗaci. Shaihu al-Maghili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawa a Tamantit ta yankin Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, a daidai shekarun da aka kore su daga Sifaniya, duk da cewa wasu alƙalan zamaninsa sun saɓa masa.

Wane matsayi tasawwufi ke da shi a tarihin Wurno?

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne, har jama'arsa ake kira Ƙadirawa. Ya rubuta cewa a wajen 1794, yana da shekara 40, ya ga Shaihu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Ɗansa Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, wato garin tsaron iyaka inda ake haɗa gadi da karatu da ibada. A nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa na nan ana ziyarta. A zamanin Bello ne Shaihu Umarul Futi ya zauna a ƙasar Sakkwato shekaru da dama, ya auri 'yarsa, ya kuma yaɗa Tijjaniyya.

Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da littafin Bello kan mata salihai waƙa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Mijinta Waziri Giɗaɗo ya tattara karamomin Shehu a Raudul Jinan. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, shi ya fi nitsawa cikin ilimin haƙiƙa irin na Ibn Arabi.

Wannan gado na da masu suka. Littafin Shaihu Abubakar Gumi na 1972 kan gyaran aƙida da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 sun buɗe muhawarar da har yau ba ta rufu ba kan wuridi da tawassuli da ziyarar kaburbura. Sai dai ɓangarorin biyu duk suna kafa hujja da Shehu.

Yaya malaman Sakkwato suka fassara wahala?

Sun yi rubutu ne suna tsakiyarta. Bayan hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da nasarar Tafkin Kwatto, an yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen shekarar. Bello ya ruwaito cewa an kashe kimanin mutum 2,000, ciki har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Yunwa da annoba suka biyo baya, sai kuma asarar Alwasa a 1805.

Littattafan da suka karanta, irin su Ihya'u na Imam Gazali da Hikam na Ibn Aɗa'illah, sun kasa wahala gida-gida. Tana iya zama jarrabawa mai ɗaukaka daraja, kamar ta Annabi Ayuba, wanda labarinsa ke cikin littattafan Yahudawa ma. Tana iya zama kankarar zunubi, ko gargaɗi ga al'umma. Haƙuri kuma iri uku ne: haƙurin jure ibada, haƙurin barin saɓo, da haƙurin musiba. Sama da haƙuri akwai yarda, matsayin da zuciya ke natsuwa da hukuncin Allah. Ba wanda aka ba ikon duban wani da ke cikin bala'i ya yanke cewa azaba ce ta same shi.

Natsuwar ba ta hana su kuka ba. Asma'u ta rubuta marsiyyoyi ga Bello da Giɗaɗo da ƙawarta A'isha, ba ta ɓoye zafin rashi a cikinsu ba. Ta kuma rubuta Tabshirul Ikhwan kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, shi ma Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna.

Shin haƙuri na nufin yin shiru?

Rubutun waɗannan malamai bai nuna haka ba. Mutumin da ya koyar da wuridin Ƙadiriyya shi ne ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya lissafa laifuffukan sarakunan Hausa ɗaya bayan ɗaya: jangali da kuɗin gari, ƙwace dukiyar talaka, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da sayar da shari'a. Waƙarsa Tabbat Haƙiƙa, wadda 'ya'yansa Asma'u da Isa suka mayar Hausa suka faɗaɗa, na gargaɗin shugaba azzalumi da alƙali mai cin hanci da wuta. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga son duniya ya shiga cikin jama'ar jihadi, ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki. Bello kuma ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa, yana ɗora wa shugaba alhakin tsaron hanyoyi da raya kasuwanni da sana'o'i.

Ilimin tauhidi da suka koyar ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ƙaddara ta Allah ce, aiki kuwa na bawa ne, kuma za a tambaye shi. Halifa Umar ya juya daga ƙasar Sham da ya ji labarin annoba, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Manomin fadamar Rima da aka sa wa harajin 'yan bindiga kafin ya girbe shinkafarsa yana da ladar haƙuri, yana kuma da haƙƙin tambaya. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya tsaro da walwalar jama'a a matsayin aikin farko na gwamnati. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Rabah da Goronyo, da sunan yaƙi da 'yan bindiga. Ba a cika wata guda ba aka kai harin kasuwar Goronyo. Wanda ya nemi bayani a kan haka bai fita daga haƙuri ba.

Ta ina mai farawa zai kama?

Tsarin zaure bai canza ba: tauhidi da fiƙihu tukuna, daga Ahlari da Ishmawi zuwa Risala, sannan tasawwufi a gaban malamin da aka san inda ya yi karatu. Usulud Din da Ihya'us Sunna na Shehu na samuwa a kasuwa, wasu da fassarar Hausa, rubuce-rubucen hannu kuma na ajiye a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Mai son sanin Kabbala a matsayin tarihin tunani zai fi amfana da aikin masana irin su Scholem a kan gajerun bidiyon intanet.

Ma'aunin gane malamin ƙwarai ɗaya ne a al'adun biyu. Duk wanda ya sa wa asiri farashi, ko ya yi alƙawarin layar da harsashi ba ya ratsawa, ko ya ce wa matar da aka kashe wa miji zunubinta ne ya jawo, ya saɓa wa littattafan da yake ikirarin karantawa.