Gwajin ƙarfin jiki na shiga soja: Yadda matasan Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa za su shirya

Duk lokacin da Rundunar Sojin Ƙasa ta Najeriya ta buɗe shafinta na ɗaukar kurata, shagunan kwamfuta na Kazaure da Babura kan cika da matasa masu cike fom. Cike fom shi ne mataki mafi sauƙi. Mai wuyar yana filin tantancewa, inda ake auna tsawon mutum, a duba lafiyarsa, sannan a gwada gudunsa da ƙarfin damtsensa. Matashin da takardunsa suka cika zai iya rasa gurbinsa cikin mintuna kaɗan idan numfashinsa ya ƙare a tsakiyar hanya, kuma sai ya jira wata sanarwar, alhali shekarunsa na ƙara matsawa kusa da iyakar da aka gindaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin shiga da sharuɗɗansu

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa dole rundunonin sojin ƙasar su ƙunshi 'yan kowane yanki. Saboda haka ake tantance mai nema a jiharsa ta asali, kuma 'yan jiharsu ne abokan takararsa. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da ƙananan hukumomi 27. Kazaure da Roni da Gwiwa suna ƙarƙashin Masarautar Kazaure tare da 'Yankwashi, Babura kuwa tana Masarautar Ringim. Matasan waɗannan wurare Dutse suke nufa idan lokacin tantancewa ya zo, kuma sanarwar kowace shekara ce ke fayyace wuri da rana.

Sanarwar sojin ƙasa ta 'yan shekarun nan ta buƙaci mai nema ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 22, ko har 26 ga masu sana'ar hannu, kuma ba shi da aure. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace mita 1.65. Ana neman takardar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB da cin aƙalla darussa huɗu, har da Turanci, a zaman da bai wuce biyu ba, sai lambar NIN da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Wanda ya tsallake tantancewa zai wuce horo na wata shida, kuma gidan wannan horo tun asali shi ne Makarantar Horas da Kuratan Soja ta Zariya, wadda aka fi sani da Daffo, da aka kafa a 1924. Sojin ruwa suna horas da nasu kuratan a Onne ta Jihar Ribas, sojin sama kuma a Kaduna. Mai son zama hafsa yakan bi ta makarantar NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964. Duk waɗannan ƙofofi suna da gwajin ƙarfin jiki.

Abin da ake gwadawa

Babban gwajin shi ne dogon gudu, kuma tazarar da aka fi sani a rundunonin Najeriya ita ce kilomita 3.2, wato mil biyu, irin wadda sojin Amurka ma ke amfani da ita. A filin tsere mai mita 400, zagaye takwas ke nan. Wanda ya kasa kammalawa cikin lokacin da masu tantancewa suka ƙayyade, a nan tafiyarsa take ƙarewa. Bayan gudu akan gwada ƙarfin hannu da ƙirji ta hanyar turin ƙasa, wanda matasa ke kira firesof, sai ƙarfin ciki ta hanyar tashi zaune daga kwance, wani lokacin kuma da jan jiki sama a jikin ƙarfe.

Akwai kuma gudun je-ka-ka-dawo, wanda sojojin Birtaniya da na Ostireliya suka daɗe suna auna masu neman shiga da shi. Wani masanin motsa jiki na Jami'ar Montreal ta Kanada, Luc Léger, shi ya tsara shi a shekarun 1980. Ana shata layi biyu da tazarar mita 20, mai gudu yana kai-komo tsakaninsu yana bin sautin ƙararrawa. A tsarin Léger ana farawa da saurin kilomita 8.5 a sa'a, kuma duk bayan kimanin minti ɗaya saurin kan ƙaru da rabin kilomita, har sai mutum ya kasa riskar layi kafin ƙararrawa. Amfaninsa ga mai shiri babba ne: ba ya buƙatar babban fili, kuma yana nuna wa mutum matakin da numfashinsa ya kai a lambobi, yadda zai iya kwatanta wannan mako da na baya.

Duba lafiya tun kafin a fara

Likitocin soja kan duba gani da ji da hawan jini, su duba gwaiwa, da siffar ƙafa kamar gwame da shimfiɗaɗɗen tafin sawu, sannan a yi gwajin jini da fitsari. Ya fi alheri matashi ya san matsayinsa tun da wuri, a Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, kafin iyayensa su kashe kuɗin mota da guzuri. Wasu matsalolin suna da magani idan an same su a kan lokaci. Sanin rukunin jini na gado ma wajibi ne, domin mai AS ya fi mai AA shiga haɗari idan ya tsananta wa jikinsa cikin zafi ba tare da isasshen ruwa ba. Wanda ya taɓa suma a wajen wasa, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya yi gudu, ko yake da asma, kada ya fara atisaye sai likita ya gan shi.

Tsarin mako goma sha biyu

Zuciya da huhu kan saba da aiki cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi su jinkiri. Wannan ne dalilin da ya sa mai gaggawa yake ƙarewa da ciwon ƙwauri ko na gwiwa. Wata uku lokaci ne da ya wadatar ga mai lafiya wanda bai saba da gudu ba.

A makonni huɗun farko ana neman sabo ne kawai. Sau uku ko huɗu a mako, a yi minti 20 zuwa 30 ana haɗa sassarfa da tafiya, da saurin da mutum zai iya magana da abokinsa ba tare da haki ya katse shi ba. A makonni huɗu na tsakiya a bar tafiya, a riƙa yin sassarfar kilomita huɗu zuwa biyar, sannan a ware rana ɗaya a mako ga gudu mai sauri: mita 400 sau huɗu zuwa shida, da hutun minti biyu a tsakani. A makonni huɗun ƙarshe a riƙa gwada cikakkiyar kilomita 3.2 da agogo sau ɗaya a mako. Lissafin mai sauƙi ne: wanda yake son kammalawa cikin minti 16 dole ya riƙe minti biyar a kowace kilomita, wato minti biyu a kowane zagaye na mita 400. Kwana huɗu ko biyar kafin tantancewa a sassauta ƙwarai, domin a isa filin da jiki a huce.

Kowane atisaye ya fara da ɗumama jiki na minti goma, kuma a bar aƙalla kwana ɗaya cikakke na hutu a mako. Tazara kuma a auna ta da gaske. Filayen ƙwallon unguwa ba girmansu ɗaya ba, don haka a auna hanya da mitar babur ko da wayar hannu, mita 20 ɗin je-ka-ka-dawo kuwa a ari tef wajen magini.

Turin ƙasa da ƙarfin ciki

Masu ƙirga a filin tantancewa ba sa ƙirga wanda bai cika ba. Cikakken turin ƙasa shi ne a dafa ƙasa da tafin hannu, tazararsu ta ɗan zarce faɗin kafaɗa, jiki a miƙe sambal daga kai har dunduniya, a sauka har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, sannan a taso har gwiwar hannu ta miƙe. Sakin ƙugu ƙasa ko tura ɗuwawu sama kuskure ne. Hanyar ƙaruwa ita ce mutum ya gwada iyakar abin da zai iya a jere, sannan ya riƙa yin rabin wannan adadi sau huɗu ko biyar, kwana uku a mako, yana sake gwaji duk bayan mako biyu. Wanda bai kai goma ba zai iya farawa da dafa benci ko dakali kafin ya sauko ƙasa.

Wajen tashi zaune, a kwanta rigingine, a lanƙwashe gwiwoyi, aboki ya danne sawu. Kada a ja wuya da hannu. Jan jiki sama kuwa ba ya buƙatar gidan motsa jiki, domin ƙarfen ragar ƙwallo mai ƙwari ko reshen bishiya mai kauri ya wadatar. A gudun je-ka-ka-dawo, dabarar tana wajen juyawa: a taka layi da ƙafa ɗaya a juyo nan take ba tare da yin kwana mai faɗi ba, a riƙa sauya ƙafar juyi, kuma kada a riga ƙararrawa a matakan farko, domin ƙarfin da aka ɓarnatar a nan shi za a nema a rasa daga baya.

Ƙasa da yanayin yankin

Yankin yana da abin da mai shiri ke buƙata. Tuddai da duwatsun Kazaure da Roni wuri ne na ƙarfafa cinya: a haura da gudu na daƙiƙa 30 zuwa 40, a sauko da tafiya. Rairayin Babura yana ƙara wa ƙafa aiki, sai dai gudu a cikinsa kullum yana gajiyar da agara, kuma ba a cikin yashi za a yi gwajin ba. Hanyar burji ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa. Masu bin titin Kano zuwa Daura da asuba su riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, su sa riga mai haske.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, saboda haka bayan sallar asuba ko dab da magariba ne lokacin gudu. Amma tantancewa kan kai mutum tsayuwa cikin rana, kuma jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka a makonnin ƙarshe a riƙa yin ɗan atisaye mara tsanani da hantsi. A hunturu, ranar da ƙura ta yi kauri gara a yi turin ƙasa a gida. Idan shiri ya faɗo cikin azumin Ramadan, a mayar da gudu mai tsanani zuwa bayan buɗa-baki, a sha ruwa sosai har zuwa sahur.

Jiri, amai, ruɗewa ko ciwon kai mai tsanani alamu ne na a tsaya nan take, a shiga inuwa, a jiƙa jiki da ruwa. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan atisaye, tare da ciwon tsoka mai tsanani, alama ce ta lalacewar tsoka da ke iya taɓa ƙoda, kuma asibiti ake zuwa a ranar.

Abinci da ƙwayoyi

Abincin gida ya isa. Tuwo da shinkafa da gero suna ba da ƙarfin gudu, wake da ƙosai da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi suna gina tsoka, zogale da sauran ganyaye kuma suna taimakon jini. Barcin sa'a bakwai zuwa takwas yana cikin atisayen. Tiramadol da makamantansa ba sa ƙara ƙarfi. Ɓoye ciwo suke yi har mutum ya ji wa kansa rauni bai sani ba, suna iya jawo jijjiga, kuma gwajin fitsari kan tona su. Taba da shisha kuwa numfashi suke ci.

Ranar tantancewa

Daga Gwiwa ko Roni zuwa Dutse tafiyar sa'o'i ce, saboda haka a isa kwana ɗaya kafin ranar. A tafi da takardu na asali da kwafinsu, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a takardar makaranta da NIN da ta haihuwa. A sa takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabo kan yi bororo. A ci abu mara nauyi, kamar kunu ko burodi, sa'a biyu zuwa uku kafin gudu. Idan an busa usur, kada a biye wa masu fita a guje; yawancinsu a kilomita ta biyu ake wuce su.

Iyaye da 'yan uwa ma suna da nasu aikin. Rundunar sojin ta sha nanatawa cewa neman shiga kyauta ne kuma ta shafinta kaɗai ake yi. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan sayar da gurbi, ko ya yi alkawarin tsallakar da yaro daga gwajin gudu, ɗan damfara ne. Kuɗin da za a ba shi gara a saya wa yaron takalmin gudu mai kyau, a biya masa kuɗin duba lafiya, a kuma tanadi kuɗin motar Dutse.