Yadda Ƙaramar Waya Ta Samu Gindin Zama a Koki

Koki unguwa ce ta 'yan kasuwa tun kaka da kakanni. A nan da Sarari zuriyar Alhassan Ɗantata ta kafu, ga Kasuwar Kurmi nan kusa, ga Ƙofar Wambai. Ɗan kasuwa kuwa bayan jari babu abin da yake buƙata kamar labari: nawa kaya suka kwana a Legas, mota ta taso ko ba ta taso ba. Shekaru aru-aru a bakin fatake da 'yan aike ake jin wannan, daga baya direbobi da wasiƙa suka karɓa. Wayar NITEL ta zo, amma ta manyan gidaje ce da ofisoshi. Kafin 2001 layukan da ke aiki a Nijeriya kaf ba su kai rabin miliyan ba.

A watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. Zuwa watan Agusta Econet da MTN sun fara aiki. Farkon lamarin na masu hannu da shuni ne. Layi kaɗai sai an ajiye dubban nairori, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Talaka sai ya je wurin masu lema a bakin titi, ya biya a buga masa. A nan aka koyi filashin: ka kira ka katse, mai kuɗi ya biyo.

Abubuwa biyu suka sauya zance a 2003. Kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanoni suka bi ba don suna so ba, kuɗin layi ya yi ta faɗuwa. A shekarar ce kuma Nokia ta fitar da 1100, wadda aka sayar da sama da miliyan 200 a duniya. Kafin ita an san 3310 da ƙarko, amma 1100 ta zo da abin da ya fi dacewa da cikin birni: tocila a ka. Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Koki bayan isha'i, babu wuta, ga kwata a tsakiyar hanya, ya san wannan ba ƙawa ba ce. Har laƙabi matasa suka yi wa ire-irenta, wai rakani kashi. Ga batir mai kwana da kwanaki, ga madannai na roba da ƙura ba ta cika yi wa illa ba. Ta faɗi ƙasa ta tarwatse, ka tattara ka harhaɗa, ta kama.

Sai dai Nokia ba ta lura da wani ciwo ba. Sabis yana yawan yankewa, kiran wani kamfani daga wani ya fi tsada, don haka ɗan kasuwa yakan riƙe waya biyu ko uku. 'Yan Chaina ne suka gano gurbin. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel, ya mayar da hankali kan Afirka daga 2008, da waya mai layi biyu, mai arha. Ire-irenta suka cika shagunan Titin Beirut da kasuwar Farm Centre. Suka zo da rediyo, a daidai lokacin da Freedom Radio, wadda ta buɗe a 2003, ta koya wa Kanawa sauraron FM. Suka zo da gurbin memori, sai sabuwar sana'a ta ɓullo: matasa da kwamfuta a kan teburi suna tura karatun Alƙur'ani, tafsiri, ƙasidu da waƙoƙin fim. Masu caji da janareta ma suka samu abin yi.

Ina ganin babban alherin wannan waya ga matan aure ya tafi. Mai sana'ar cikin gida, ko ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko turaren wuta, da sai ta jira yaro ya dawo daga makaranta kafin ta aika. Yanzu daga tsakar gida take ciniki, take jin lafiyar mahaifiyarta. Ba ta buƙatar boko: lambobi goma da koren madanni sun wadatar. Haka dattijon da idonsa ya yi rauni, da yatsa yake lalubo lambar ɗansa.

Da manyan wayoyi na shafawa suka yawaita, an ɗauka kwanan ƙaramar ya ƙare. Ba haka aka yi ba. Tsadar data, rashin wuta da faɗuwar darajar naira sun riƙe ta. A ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da ita mutane da yawa suka riƙa tura kuɗi ta lambobin banki, ba tare da intanet ba. Ƙwacen waya da ya addabi Kano ya ƙara mata daraja: mutum ya bar babbar a gida ko ya ɓoye ta, ya fita da ƙaramar. Shi ya sa a yau za ka ga attajiri a kasuwar Kwari da waya ta dubban ɗaruruwa a aljihu, amma lambar da abokan cinikinsa suka sani tun shekara ashirin tana cikin 'yar ƙaramar da ke hannunsa.